Bambancin 6/8 da 3/4 yana wurin saukar ƙafa

Ɗan'uwa, ka ce kana shirin jarrabawar rubutun kiɗa a makarantar koyon kiɗa ta MUSON da ke Onikan a Legas, kuma ka rasa abin da ya raba 6/8 da 3/4 tunda kowanne kweba (alamar gajeren sauti a rubutun kiɗa) shida ne a gaɓa ɗaya (yankin kiɗa da ke tsakanin layi biyu na tsaye a takarda). Haka ne, a lissafi daidai suke. Inda nauyin bugu yake sauka ne ya raba su.

Ajiye biro ka tashi tsaye. Ƙirga ɗaya zuwa shida da baki, ka buga ƙafa a kan ɗaya, uku da biyar. Bugu uku ke nan, kowanne ya rabu biyu: 3/4. Sake ƙirgawa da saurin nan dai, amma ƙafa ta sauka a kan ɗaya da huɗu kawai. Yanzu bugu biyu ne, kowanne ɗauke da kweba uku, wato kurocet mai ɗigo (kurocet tsawon kweba biyu ne, ɗigon ya ƙara masa ɗaya). Wannan shi ne 6/8. Don haka shidan da ke saman 6/8 ba yawan bugu ba ne. Raba shi da uku ka samu bugun, 9/8 uku, 12/8 huɗu. A takarda ma za ka gani, ana ɗaure kweba uku-uku da sanda guda, a 3/4 kuwa bibbiyu.

Yaran da nake koya wa piyano a Agege, abin da ya fi ɓatar da su shi ne na'urar ƙirga bugu. Sai su saita ta tana ƙas-ƙas sau shida a gaɓa, kiɗan ya fito a sandare kamar tafiyar mai sabon takalmi. Sa ta buga sau biyu kawai, ka cike tsakanin da kanka.

Kuma wallahi kunnenka ya riga ya san abin nan. Ranar Asabar ka tsaya kusa da masu gangunan Yarbawa a wurin biki, ka saurari ƙararrawar ƙarfen nan, agogo. A kiɗe-kiɗensu da dama bugu bakwai take yi cikin ƙirga goma sha biyu, tazararsu 2-2-1-2-2-2-1, ƙafafun masu rawa kuma suna taka huɗu. Wanda zai rubuta shi 12/8 zai sa. Su makaɗan ko takarda ba sa dubawa.

Idan ƙafar ta zauna, gwada hannun dama yana tafa uku a cinya, na hagu yana tafa biyu, a lokaci guda. Da farko hannu ɗaya zai riƙa jan ɗaya, sai ka rage sauri sosai.