Kifina na mandarin ya ƙi abinci, cikinsa sai lotsawa yake

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Wata biyu ke nan da na sayi kifin nan mai ado, mandarin, na saka shi a tankina na ruwan gishiri mai lita 40. Tankin bai wuce wata huɗu da haɗawa ba. Duk abin da na zuba, busasshen abincin kifi ne ko daskararren jatan lande, sauran kifaye biyu ne ke cinyewa, shi ko kallo ba ya yi. Yawo kawai yake a kan duwatsu yana tsince-tsince. Yanzu na ga cikinsa ya shige. Ciwo ne?

Wani mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Yunwa ce ke cin kifinka, kuma in ba a tashi tsaye ba zai mutu yana ta kiwo a gabanka.

Na san haka don ni ma na taɓa rasa irinsa. Mai shagon ya rantse mini yana cin komai. Na ɗauke shi gida ina murna da shuɗin nan da ruwan lemo da ke jikinsa kamar an yi masa zane da hannu. Ya yi wata uku yana yawo cikin ƙoshin lafiya a idona, ashe tsokar bayan kansa ce ke zaizayewa. Ranar da na lura da ramin nan a gefen wuyansa, lokaci ya riga ya ƙure.

Mandarin ɗan yammacin tekun Fasifik ne, daga tsibiran Ryukyu na Japan har zuwa Ostireliya, tsawonsa bai fi santimita 6 zuwa 8 ba. A can aikinsa daga safe zuwa yamma shi ne tsintar wasu ƙananan halittun ruwa da ake kira kofifod, masu kama da ƙurar gari in suna motsi a jikin gilashi. Ba ya zama ya ci ya ƙoshi kamar sauran kifaye. Ɗaya ɗaya yake tsinta, yini guda. Shi ya sa abin da ka zuba sau biyu a rana bai dame shi ba. Tanki mai lita 40, sabo kuma, kofifod ɗinsa ba za su jure masa ba; cikin makonni zai share su, sai tsintar ta koma ta banza. Masu kiwonsa sukan so tanki mai lita 110 zuwa sama, da duwatsu masu rai, wato waɗanda ƙananan halittun teku ke zaune a jikinsu, da suka daɗe a ciki.

Daren yau, bayan an kashe fitilar tankin da awa ɗaya, haska tocila a gilashi da kan yashi. In ka ga ɗige-ɗige farare suna zarya, da sauran abinci. In babu, to ka gane.

Tunda tankin ba zai ciyar da shi ba, kai za ka zama gonarsa. Samu kwalba babba ko bokiti mai tsabta, zuba ruwan gishiri daidai da na tankin, sa siririn bututun iska yana fitar da kumfa a hankali, sannan ka zuba kofifod masu rai, irin Tigriopus ko Tisbe, waɗanda ake sayarwa a kwalba. Ana ciyar da su da koren ruwan nan na ƙananan tsirran teku, kaɗan kaɗan, ruwan ya ɗan yi kore kawai. Ka yi kwalba biyu. Wata rana ɗaya za ta lalace ba tare da ka san dalili ba. Kafin su hayayyafa, ƙyanƙyashe ƙwan atimiya, wani ɗan mitsitsin jatan lande na ruwan gishiri: a ruwan gishiri mai ɗumi da iska, cikin awa 24 ko sama da haka suke fashewa. Ba shi su tun suna sabbi, don bayan wasu awanni sun cinye gwaiduwar da ke jikinsu, amfaninsu ya ragu.

Sauran kifayen nan su ne matsala ta biyu, sun fi shi sauri. Kwantar da ƙaramar kwalbar gilashi a kan yashi, bakinta a buɗe, ka kashe famfo, ka tura abincin ciki da sirinji. A wuri ɗaya kullum. Nawa na yanzu ya ɗauki kusan mako biyu kafin ya gane, amma yau da ya ga inuwar hannuna sai ya nufi kwalbar. Da ya saba, ka riƙa haɗa daskararren abinci mai laushi da masu ran. Wasu suna koya, wasu har abada ba sa karɓa. Wanda aka haifa a tanki ya fi saurin yarda da busasshen abinci.

A ƙaramin tanki abincin da ya rage yakan ɓata ruwa da wuri, don haka zuƙe ragowar bayan minti 20, ka kuma canza kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane mako.

Ba shi mako biyu kana duban cikinsa daga gefe. In bai fara cikowa ba, nemi mai babban tanki ka ba shi, ko ka mayar shagon tun yana da ƙarfin iyo.