Amsoshin Tambayoyinku: Masauki da Wurin Cin Abinci ga Mai Tafiya da Kare a Ingila

Wasiƙun wannan makon daga 'yan'uwanmu mazauna Ingila suka fito, kuma dukkansu a kan kare suke magana. A gida mun saba ganinsa a ƙofar gida yana gadi ko a bayan mafarauta, amma a can yana shiga jirgin ƙasa, yana kwana a otal, har wasu masu shaguna suna ajiye masa kwanon ruwa a bakin ƙofa.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Leeds. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Baturiya wadda ta riƙe mana yara a lokacin da muke baƙi, tana kwance a asibiti, kuma ta bar mana amanar karenta har ta samu sauƙi. Mun riga mun ɗauki hutun mako guda a watan Agusta domin mu kai yara yankin Lake District, wurin shaƙatawa mai tafkuna da duwatsu a arewa maso yammacin Ingila. Otal ya kamata mu nema, ko gidan haya na hutu, ko kuwa mu kai karen gidan ajiyar karnuka mu yi tafiyarmu?

Amsa: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan maƙwabtaka, ya kuma ba dattijuwar lafiya. Kafin ki biya ko kwabo, ki fara neman izininta, domin amana ba a tafiya da ita nesa sai da sanin mai ita. Idan ta yarda, shawarata ita ce ki nemi ƙaramin gidan haya na hutu mai tsakar gida a kewaye, wanda za ku riƙa dafa abincinku da kanku, ki bar maganar otal.

Dalilina shi ne, rubutun nan da ake liƙawa na "dog friendly", wato ana maraba da kare, ba ma'ana ɗaya yake da ita a ko'ina ba. A wani otal yana nufin kare zai iya kwana a ɗaki, amma ba zai shiga ɗakin karin kumallo ba, kuma ba a yarda a bar shi shi kaɗai a ɗaki ba. Idan aka haɗa waɗannan sharuɗɗa biyu, dole mutum ɗaya ya haƙura da zama a teburi. Na taɓa ganin haka da idona a wani otal: iyali suna ciki suna shan shayi, maigidan kuwa yana tsaye a wurin ajiye motoci, yayyafi na sauka, igiyar kare a hannu ɗaya, burodin da ɗansa ya miƙo masa a ɗaya hannun. Kwana shida a haka ya fi ƙarfin a kira shi hutu. A gidan haya kuwa za ki keɓe wa karen kusurwa a kicin ko a bakin ƙofar baya, ku rufe ɗakunan kwana da inda kuke salla, kowa ya samu natsuwa.

Idan duk da haka otal ya fi muku sauƙi, ki san cewa manyan kamfanonin ma sun bambanta. Travelodge yana karɓar dabbobin gida tare da ƙarin kuɗin tsaftace ɗaki, shi kuwa Premier Inn ba ya karɓar kowane kare sai wanda ke taimaka wa mai buƙata ta musamman. Shafuka irin su Booking.com da Airbnb suna da wurin tace masaukan da suka yarda da dabbobi, amma kada ki tsaya a nan. Ki kira su ko ki aika musu saƙo, ki tambayi nawa ne ƙarin kuɗin, kuma a kowane dare ake biya ko sau ɗaya, ko akwai iyaka a kan girman kare, ko an yarda ya hau bene, ko shingen tsakar gidan ya kewaye ko'ina ba tare da kafa ba, sannan ki nemi amsar a rubuce. Wani masaukin da ya yi araha a kan allo, in aka ɗora masa kuɗin kare na kowane dare da kuɗin ajiya na ɓarna, sai ya zarce na kusa da shi tsada. Kuma ki gaggauta, domin Agusta lokacin hutun makarantu ne, gidajen da ke karɓar kare a garuruwa irin su Keswick da Ambleside suna cika da wuri, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Akwai dokokin da suka hau kanki tunda karen yana hannunki. Tun 1992 doka ta wajabta wa kare sanya abin wuya mai ɗauke da suna da adireshin mai shi idan yana bainar jama'a, kuma tun Afrilun 2016 wajibi ne a dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata. Duka biyun dattijuwar da ke asibiti za su nuna, saboda haka ki ƙara ɗan ƙarfe mai lambar wayarki a wuyansa. Lake District ƙasar tumaki ce. A filayen da aka buɗe wa masu yawo, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli dole kare ya kasance a gajeriyar igiya wadda ba ta wuce mita 2 ba, a kusa da dabbobin kiwo kuwa wannan sharaɗi yana aiki duk shekara, har da Agustan da za ku je. Karen birni da bai taɓa ganin tunkiya ba yana iya bin garke da gudu, kuma a wasu yanayi doka tana kare manomin da ya harbe shi. Abu guda da ya saɓa wa wannan shi ne idan shanu suka taso muku: a nan ana son a saki igiyar, domin kare ya fi ku gudu.

Gidan ajiyar karnuka shi ne zaɓi na ƙarshe a wurina, saboda karen da ya rabu da uwar ɗakinsa bai kamata a sake sauya masa hannu ba in da hali. In ya zama dole, ki tabbatar wurin yana da lasisin ƙaramar hukuma, wanda a Ingila yake zuwa da tauraro daga 1 zuwa 5, ki kuma nemo katin allurar riga-kafinsa, domin za su buƙace shi.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Birmingham. Abokin karatuna ba ya rabuwa da karensa, kuma duk sanda muka fita cin abinci sai ya ce mu je mashaya, wai a can ne kawai ake barin kare ya shiga. Ni kuma ba na son zama inda ake shan giya, sannan ina neman abincin halal. Yaya za mu yi?

Amsa: Malam, abokinka ya faɗi gaskiya rabi. Mashayun ƙauye da na unguwa su ne suka fi kowa sabawa da kare a ƙasar, har wasu suna ajiye masa biskit a kan kanta, amma ba dukkansu ba. Kamfanin Wetherspoon, mai ɗaruruwan mashayu, ya tsaurara hana karnuka tun 2018, har a kujerunsa na waje, ban da karnukan taimako. Su kuwa gidajen abincin halal mafi yawansu ba sa so, don haka neman wurin da ya haɗa nama halal da maraba da kare a ɗaki ɗaya wahala ce da ba ta da riba.

Mafita tana shagunan shayi da kofi masu zaman kansu, musamman waɗanda ke cikin manyan lambunan shaƙatawa ko a bakin magudanan ruwa na birnin, inda masu yawo da karnuka su ne rabin masu ciniki. A irin waɗannan wurare ka zaɓi kifi, ƙwai ko abincin ganye, ka tambaya ko an sa giya a miya ko a ƙullun da aka soya kifin da shi, domin wasu suna kwaɓa shi da ita. Idan rana ta fito, ku sayi abincinku a gidan halal a ƙunshe muku, ku zauna a lambu. Idan kuna son fita bayan gari, ƙungiyar National Trust, mai kula da gidajen tarihi da wuraren shaƙatawa, tana yi wa wurarenta alamar sawun kare daga ɗaya zuwa uku, mai uku shi ne wanda kare ke iya shiga mafi yawan sassansa. Jirgin ƙasa yana ɗaukar karnuka har biyu kyauta ga kowane fasinja muddin suna cikin igiya kuma ba su hau kujera ba, amma manyan motocin safa na kamfanin National Express ba sa ɗaukar kare sai na taimako.

Gargaɗi ɗaya: kada tausayi ya sa ka jefa wa karen ragowar tsirenka. Albasa da tafarnuwa suna cutar da jinin kare, inabi da zabibi da cakulan guba ne a gare shi, ƙashin kaza dafaffe kuma yana tsagewa a cikinsa.

Tambaya: Aikina yana sa ni yawan kwana a otal. Ni neman tsari nake da ɗakin da kare ya kwana, saboda salla. Ta yaya zan kauce masa?

Amsa: Alhaji, taka ta fi sauƙi. Ka zaɓi otal ɗin da ba ya karɓar dabbobi tun farko, kamar Premier Inn da na ambata a sama. Inda ake karɓa kuma, yawanci wasu ɗakuna ƙalilan ake ware musu, galibi a ƙasa kusa da ƙofar fita, saboda haka lokacin kama ɗaki ka nemi wanda ba a sa dabba a ciki, buƙata ce da suka saba ji daga masu asma. Ka riƙa tafiya da sallayarka. Zan ƙara da cewa a mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muka tashi a kanta, kare mai rai ba najasa ba ne, haka ma yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallage a ciki sau bakwai malamanta sun ɗauke shi a matsayin bin umarni, ba don ƙazanta ba. Shafi'iyya da Hambaliyya sun fi tsanantawa. Fitsari da kashinsa kuwa magana ce dabam, wadda ya kamata ka zauna da malaminka a kanta.

Tambaya: Ina da ɗan gidan abinci a kudancin Landan, muna sayar da tsire, masa da tuwo. Mafi yawan masu cinikina Musulmi ne. Ina da ikon liƙa sanarwar hana shigowa da kare? Kwanan baya wani makaho ya zo da nasa, yaron shagona ya tsayar da shi a ƙofa.

Amsa: Alhaji, tambayoyi biyu ne a nan, kuma amsarsu ta sha bamban. Game da karen da mutum ke kiwo don sha'awa, shagonka ne, kana da ikon karɓa ko hanawa. Dokar tsaftar abinci ba ta haramta kare a wurin da ake zama a ci ba, abin da ta wajabta shi ne kada dabba ta kai ga inda ake dafawa, sarrafawa ko ajiye abinci. Saboda haka lissafin ciniki ne: idan ka san iyalai masu yara da dattawan da ke zuwa bayan Juma'a za su ƙaurace maka, ka hana a ciki, in kana da fili a waje ka ajiye teburi ɗaya ko biyu da kwanon ruwa, ka samu kuɗin kowa.

Abin da yaronka ya yi wa makahon nan kuwa kuskure ne mai iya jawo maka shari'a. Dokar Daidaito ta 2010 ta wajabta wa shaguna, gidajen abinci da otal su yi wa mai buƙata ta musamman sassaucin da ya dace, kuma barin karen jagora ya shiga yana cikin wannan, ko da akwai sanarwar hana karnuka a ƙofa. Ba a cajinsa ƙarin kuɗi, ba a tura shi waje cikin sanyi, kuma addinin mai shago ko na masu ciniki ba hujja ba ce a gaban kotu. Doka ba ta tilasta masa nuna wata takarda ba, ko da yake da yawa daga cikin karnukan suna sanye da rigar aiki ko ɗamara mai mariƙi. Wanda aka kora yana iya shigar da ƙara ya nemi diyya. Ga 'yan'uwanmu direbobin tasi abin ya fi haka nauyi, domin ƙin ɗaukar mai karen jagora laifi ne da tararsa ke iya kaiwa fam 1,000, ga haɗarin rasa lasisi, sai fa direban da ke da takardar uzuri ta rashin lafiya daga hukumar da ta ba shi lasisin.

Kada ka ɗauka wannan ya ci karo da addini. A 2008 wani masallaci a Leicester, bayan fatawar malamai, ya keɓe wa karen jagoran wani matashi makaho wurin kwanciya a mashigar masallacin domin saurayin ya samu sallar jam'i. Irin wannan kare horarre ne, yana kwanciya a ƙarƙashin teburi kusa da ƙafar mai shi, ba ya bin ƙanshin nama kuma ba a son kowa ya taɓa shi ko ya ba shi abinci yana bakin aiki.

Ka gyara sanarwarka ta nuna cewa ban da karnukan taimako, ka tara ma'aikatanka ka bayyana musu, har da masu zuwa aikin ƙarshen mako. Idan irin wannan baƙo ya zo, a tambaye shi inda ya fi son zama, a nuna masa teburin da ke da sarari nesa da ƙofar kicin, a karanta masa jerin abinci da farashi. Shi kuma bawan Allahn da aka tsayar a ƙofa, in kana da hanyar samunsa, ka neme shi da kanka ka ba shi haƙuri, ka gayyace shi ya dawo ya ci masa da miyar taushe a kan asusunka.