Amsa ga ƙanenmu da ya yi tambaya a kan kalmar "sorry"

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun bayan La'asar, na bari sai da na natsu. Ka ce wata Baturiya da kuke aiki tare ta yi tuntuɓe a matattakala, ka ce mata "sorry", sai ta waigo ta ce ai ba laifinka ba ne. Kana son a fayyace maka ma'anonin kalmar da waɗanda ake iya sawa a madadinta. Na shekara ashirin da wani abu ina koyar da Turanci a makarantun sakandare a nan Kano, kuma kusan duk aji da na riƙe sai mun tsaya a kan wannan kalma.

Abin da ka yi niyyar gaya mata shi ne sannu. A nan gizo yake saƙar. Bahaushe yana da sannu, da yi haƙuri, da na tuba, da gafara dai, da Allah ya jiƙan rai, kowacce da muhallinta. Bature ya tattara yawancinsu ya ɗora wa "sorry". Amma idan ya ji ta ita kaɗai, babu komai a gabanta ko a bayanta, abin da ke fara zuwa masa shi ne mai maganar ya ɗauki laifi. Ita ta ji kana cewa na tuba, kai kuwa jaje kake yi mata.

Asalin kalmar ma ya fi kusa da abin da ka nufa. A tsohon Turanci na sama da shekara dubu da suka wuce, ta fito ne daga tushe ɗaya da "sore", wato ciwo. Mai "sorry" a da shi ne wanda abu ya yi wa zafi a rai, neman afuwa daga baya ya shigo. Har yau wannan tsohuwar ma'ana tana nan, sai dai a ƙarasa jimlar. Idan aka yi wa mutum rasuwa, "I am sorry for your loss" ta'aziyya ce tsantsa. Idan ka ji wani ba shi da lafiya, "I am sorry to hear that" ita ce sannu da jiki. Ba wanda zai ce ka amsa laifi.

Mutumin Ingila yana amfani da ita a wuraren da mu ba ma zato. Idan bai ji abin da ka faɗa ba, sai ya ce "sorry?" da ɗaga murya, kamar yadda za ka ce na'am? "Pardon?" ma haka take, sai dai ta fi tsari. Idan zai hana ka abu, da ita yake farawa don ya sassauta. "I feel sorry for him" tausayi ne. "A sorry state" yanayi ne na lalacewa, irin gidan da damina ta cinye babu yaɓe. Idan kuwa aka ce maka "you will be sorry", to gargaɗi ne, ana nufin za ka yi da-na-sani. Ita "excuse me" ita ce gafara dai ɗinmu: kafin ka ratsa mutane a cunkoson Kasuwar Kurmi ake faɗarta, "sorry" sai bayan ka taka ƙafar wani.

Inda nake so ka fi mayar da hankali shi ne rubutu, domin a can kuskure yake jawo asara. Shekarun baya wani Alhaji maƙwabcina da ke da shago a Kantin Kwari ya kawo mini wasiƙa cikin damuwa. Ya aika wa wani abokin cinikinsa na ƙasar waje kaya, ruwa ya jiƙa dila biyu a hanya, bayan sun bar hannunsa lafiya lau. Alhaji ya ce wa yaron shagonsa ya rubuta wa mutumin sannu da wannan asara. Yaron ya ga "sorry" ta yi ƙarama a wasiƙar kasuwanci, sai ya nemo babbar kalma ya rubuta "we apologise for the damage". Mutumin ya riƙe wannan layi ya ce ai kun amsa laifi, sai ku biya. Sai da muka yi wasiƙa uku kafin ya gane jaje aka yi masa. Ran nan na ga dattijo ya kasa cin abinci saboda kalma ɗaya da ba shi ya zaɓa ba, abin ya tsaya mini a rai.

To ka rarrabe su. "Apologise" ɗaukar laifi ce, ba ta da fuskar jaje ko kaɗan. Idan ba kai ka yi ba, kada ka taɓa ta. "Regret" takaici ne kan abin da ya faru, ba lallai da amsa laifi ba, shi ya sa ma'aikatu suke buɗe wasiƙar hana aiki da "we regret to inform you". "Remorse" nadama ce mai zurfi, irin wadda alƙali yake dubawa a wurin mai laifi. "Condolences" ta mutuwa ce, "sympathy" ta kowane irin jaje.

Su kansu masu harshen ba sa wasa da wannan bambanci. A Ostireliya, gwamnatin John Howard ta tsaya a kan "regret" a 1999 game da zaluncin da aka yi wa 'yan asalin ƙasar, ta ƙi furta "sorry". Sai a ranar 13 ga Fabrairu 2008 Firaminista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya ce "sorry" ga waɗanda aka raba da iyayensu suna yara. A Kanada kuwa, lardin Ontario ya yi doka a 2009 cewa ba da haƙuri ba ya zama hujjar amsa laifi a shari'ar neman diyya.

Ga masu shirin WAEC da NECO da ke cikinmu: ana cewa "apologise to" mutum "for" abin da aka yi. Ba a cewa "I apologise you", ba a cewa "I am apologise". Waɗannan biyun na gyara su a takardun ɗalibai har ban san adadi ba. Rubutun Ingila da "s" ya fi yawa, na Amurka da "z". Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai.

Ban yarda da malaman da ke cewa "sorry" ɗinmu ta jaje kuskure ce ba. Bayarabe yana da irin sannunmu, Ibo ma yana da ita, duk muka ɗora ta a kan kalmar Bature saboda al'adarmu ba ta bari a ga mutum ya faɗi a yi shiru. Turancin Nijeriya Turanci ne mai zaman kansa. A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmominmu 29, har da Kannywood. Haka muka yi da "well done" a matsayin sannu da aiki, alhali a wurinsu yabo ne bayan an gama. Tsakaninmu ka ci gaba da faɗar abinka, kowa ya gane ka.

Amma ita abokiyar aikinka, idan ta sake tuntuɓe, ka ce mata "are you okay?" ko "are you all right?", ka taya ta tsince abin da ya zube. Idan kuka zauna shan shayi, ka koya mata sannu, ka gaya mata amsarta yauwa.