Amsar tambayar ƙanenmu na Gombe kan sandar da ke fizgewa a Huey

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo, wanda ba shi da data ya bari sai dare. Na saurari ƙanenmu na Gombe har sau biyu. Ya ce ya samo tsohuwar SideWinder Force Feedback 2 ta hannu, wato sandar tuƙin jirgi ta kwamfuta mai injina a ciki da ke ture hannu, yana tuƙa helikwafta Huey da ita a DCS, wasan kwaikwayon tuƙin jirgin sama, amma da ya danna tirim, maɓallin da ke riƙe sanda inda aka ajiye ta, sai sandar ta fizge, hancin jirgi ya ɗago, kafin ya ankara ya daki ƙasa da wutsiya. Wai ko ya ƙure mata ƙarfi ne, ko kuwa ta lalace ya nemi wata.

Ƙanena, kada ka sayi komai. Kada kuma ka ƙara ƙarfin nan, don Allah. An bar jaki ne ana dukan taiki. Sandar nan tun shekarar 2000 Microsoft suka fito da ita, kuma har gobe masu helikwafta nemanta suke yi, lafiyarta ƙalau. Ni abin da na ji a muryarka, kana jiran sandar ta yi kokawa da kai ne kamar ta jirgin yaƙi, in ka ja ta ja, in ka yi gudu ta yi tauri. Helikwafta ba haka take ba.

Huey ta gaske, tsakanin hannun matuƙi da farfela akwai haidurolik. Nauyin da iska ke ɗora wa fukafukan farfela, haidurolik ɗin ne ke shanye shi, ba ya isowa hannu. Kamar bambancin tsohuwar tifa da motar da ke da fawa sitiyari, ka gane ko? To da yake sandar ta zama sakayau, sai aka sa mata sifirin na musamman da wani birki na maganaɗisu. In ka danna maɓallin tirim da babban yatsa, birkin ya saki, sandar ta zama ba nauyi, ka kai ta inda kake so. Ka saki maɓalli, birki ya kama, nan wurin ya zama sabuwar tsakiya. Shi ke nan fa. Abin da injinan cikin sandarka za su kwaikwaya ke nan: tsakiya mai tashi daga wuri zuwa wuri. Sanda mai sifirin zalla ba ta iya wannan, kullum tsakiyarta ɗaya ce, shi ya sa muke wahalar neman irin taka. Girgiza da karkarwa duk ƙarin miya ne.

To yanzu buɗe saitinka, mu bi su.

Na farko, kuma na rantse kashi tara cikin goma wannan ne ciwonka: lanƙwasar nan da ake sa wa layin sanda a saiti, wadda ke sa sandar cikin jirgi ta motsa ƙasa da ta hannunka a kusa da tsakiya. Na san ka sa, don kowa na sawa. Duk bidiyon da ka kalla za a ce maka sa 20, sa 25, don tsakiya ta yi laushi. Masu faɗin haka sandar sifirin suke riƙe da ita, kuma a wurinsu daidai ne. A wurinka guba ce. Bari in ba ka misali. Ka tura sandarka gaba kashi 30 cikin ɗari. Saboda lanƙwasa, ta cikin jirgi kashi 15 kawai ta tafi. Ka danna tirim. Wasan ya aiko wa injinan sandarka saƙo cewa tsakiya yanzu tana kan 15, don shi ta cikin jirgi yake kallo. Sai sandar hannunka ta ja baya daga 30 zuwa 15. Da ta koma 15, ta cikin jirgi kuma ta sauko ƙasa da haka. Ba ga ɗagowar hancin ba? Fizgewar da kake ji ke nan. Mayar da lanƙwasa sifili, gaba da baya, hagu da dama. Wancan ma'aunin da ke rage iyakar tafiyar sanda, mayar da shi 100. Mataccen wurin nan na tsakiya shi ma sifili, don tsakiyarka ba a tsakiya take zama ba. Layi ya miƙe sak kamar an ja da rula.

Za ka ce mini ai sai jirgin ya yi tsini da yawa, ɗan taɓi kaɗan ya zabura. Gaskiya ne, don sandar gajeruwa ce, ta jirgin gaske daga ƙasa take tasowa tsakanin gwiwoyi. Maganinsa hannu. Ɗora gwiwar hannunka ko tsintsiyar hannu a kan cinya ko tebur, ka riƙe da yatsu uku kamar alƙalami. Wasu na ƙara mata tsawo da fayif, ni ma na taɓa sayen guntu a kasuwar Wunti don haka, amma wannan sai an kwance marikin an ƙara wayoyi, kuma injinan sai su yi rauni a kan dogon hannu. Bar wannan tukuna.

Na biyu. Tsaya, ma na tsallake wani abu, da shi ya kamata in fara. A babban saiti, shafin tarkacen nan, akwai akwatin da aka rubuta Force Feedback, tabbatar akwai alama a ciki. Sannan a shafin maɓallan Huey, zaɓi layin sandarka ka danna FF Tune. Akwai akwatin musanya layuka a ciki, Swap Axes. Mai SideWinder dole ya sa masa alama. In ba ka sa ba, ka yi tirim gaba sai ta ture ka gefe, ka yi gefe ta ture ka gaba. Kuma kowane jirgi da nasa, in ka gyara na Huey bai gyara na wata helikwafta kamar Mi-8 ba, sai ka sake shiga. Gwajinsa ba wuya: kana ƙasa, inji na aiki, ka tura sanda gaba da ɗan hagu, danna tirim, saki. In ta tsaya a nan, alhamdu lillahi. In ta gudu wani ɓangare, layukan ne a juye.

Sai shafi na musamman na jirgin, inda ake zaɓen irin tirim. Bar shi a na asali. Akwai wanda ke jira sai ka dawo da sanda tsakiya kafin ya sake jin maganarka, wancan na masu sifirin ne. Kai sandarka ba ta komawa tsakiya, to me zai jira? A helikwafta Apache sunan wanda ya dace da kai daban ne, shi ne wanda suka ce tirim na nan take. Tirim ɗin feda kuma kashe shi, tunda fedarka ta sifirin ce, in ma kana da feda. Kana da ita kuwa? Ba ka faɗa ba. In murɗa marikin kake yi a madadin feda, to wannan wata magana ce, ka gaya mini.

Kuma a cikin jirgin kansa, a kan akwatin da ke tsakanin kujeru biyu, akwai makunnin tirim kusa da na haidurolik. In yana kashe, sandar za ta zama lagwai-lagwai, ka yi ta danna maɓalli ba abin da zai faru. Wannan ba lalacewa ba ce, haka jirgin yake, har matuƙan Huey da yawa sun fi son tsayuwa a iska da shi a kashe.

Yanzu maganar ƙarfi, wadda ita ka tambaya. Ni nawa ƙarfin tirim tsakanin 30 da 40 nake barinsa. Iyakar abin da nake so, in na sassauta hannu sandar ta tsaya inda na ajiye ta, in na matsa kaɗan in ji tana ce mini ka bar tsakiya. Girgiza kuwa mayar da ita sifili har sai ka iya tsayar da jirgi wuri ɗaya na minti guda ba ka bar kan da'irar sauka ba. Bayan nan ka ɗan ɗago ta, 10 ko 15. Tana da amfani, ban ce ba ta da shi ba. Farfelar Huey fukafukai biyu ne, tana juyi 324 a minti, wato bugu kusan 11 a daƙiƙa, shi ne dab-dab-dab ɗin nan da ake gane ta da shi tun daga nesa. Kuma wajen gudun not 16 zuwa 24 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi), lokacin da farfela ke fita daga iskar da ta dama ta shiga sabuwa, jirgi yakan yi karkarwa. Wajen sauka wannan karkarwar gargaɗi ce: ɗagawa za ta ragu, shirya jan sandar hagu mai ƙara ɗagawa da taka fedar hagu. To in ka cika girgiza 100 tun daga tashi hannunka ke rawa, ta yaya za ka bambance gargaɗi da hayaniya?

Wannan ƙure ƙarfin shi ya kashe mini sandata ta farko, kuma har yau abin na ci mini rai. Wani yaro ne a unguwarmu, ba zan kama suna ba, ba ya ma cikin guruf ɗin nan. Ya zo da azumi ya ce in ara masa ya yi hutun Sallah da ita. Na ce to. Na zaunar da shi, na nuna masa komai, na ce ga ƙarfin da nake sawa, kar ka wuce. Kun san akwai ɗan ido a jikin marikin, wanda in ka cire hannu yake yanke ƙarfin injinan. Mutane na rufe shi da salatif don sanda ta riƙe tirim ko ba hannu, ni ma ina yi, amma da ƙaramin ƙarfi. Shi sai ya rufe idon, ya kai ƙarfi 100, girgiza 100, ya jona ta kai tsaye a ƙaramin janareta ba sitabilaiza, a zafin Bauchi na watan huɗu, ɗaki ba fanka. Ya tashi ya tafi cin abinci ya bar jirgi a kunne, sanda na ta kaɗawa ita kaɗai a kan tebur. Da ya dawo mini da ita tun daga bakin ƙofa na ji ƙauri. Na ce me ya faru? Ya ce wai haka ya same ta. Haka ya same ta! Abin da na yi wata bakwai ina jiran a kawo mini daga waje. Sati uku tana wurin mai gyara, aka dawo da ita ɓangaren hagu da dama ya mutu, gaba da baya kaɗai ke motsi. Ni ba kuɗin ne ya fi damuna ba, wallahi. Ko haƙuri bai ba ni ba. Daga baya ma ƙaninsa ne ya ba ni labarin yadda aka yi. Kuma sai ga shi ina ji yana gaya wa mutane wai irin wannan sandar ba ta da amfani a helikwafta, wai ya gwada. Me ya gwada? Ko tirim bai san inda yake ba. Mahaifinsa mutumin kirki ne, shi ya sa na bar maganar, amma tun daga ranar ban sake ba da aron... to, bar shi dai. Ina muka tsaya?

Yauwa, damfa. Bayan ka rage sifirin za ka ji sandar ta yi sakwa-sakwa, hannu na wuce inda ya nufa. Abin da ke gyara wannan shi ne damfa, aikinta kamar shokazoba: in ka tafi a hankali ba ta hana ka, in ka zabura ta riƙe ka. Sa ta kamar... a'a, tsaya, na yi kuskure. A cikin DCS ba za ka ga ma'aunin damfa ba, ƙarfin tirim da girgiza kawai ke wurin. Masu SideWinder da wata 'yar manhaja suke yi, simFFB, ita ke ba da sifirin da damfa da gogayya. Masu sababbin nan, VPforce Rhino ko Moza AB9 da ta fito a 2024, su a manhajar kamfanin suke saitawa. Kai dai kar ka sa simFFB yanzu. Gyara na cikin wasan tukuna, ka yi sati guda a haka. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, ka tashi, ka tsaya a iska, ka sauka, sannan ka taɓa na gaba. In ka canza biyar tare ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Ga wani abu kuma da ke rikita sababbi. Huey in ta tsaya a iska, farfelar wutsiya na tura ta dama, don haka sandar takan zauna ɗan hagu, ba a tsakiya cif ba. Mi-8 farfelarta ɗaya hannun take juyawa, komai nata a juye yake, fedar dama take so, sanda ɗan dama. Dangin su Mi-17 da Mi-35 ɗin da sojojin samanmu ke da su ke nan. Saboda haka in ka ga sandarka ta tsaya a karkace bayan tirim, kar ka ce ta lalace. Ka-50 kuma nata tirim ɗin haɗe yake da na'urar riƙe jirgi, wannan sai an yi murya daban, ba zan shiga ba yau.

Wanda ya yi tambaya jiya kan wancan wasan, Microsoft Flight Simulator, duk wannan bayanin ba naka ba ne. Helikwafta sai a Nuwamban 2022 suka shigo can, su Bell 407 da Cabri G2, kuma wasan da kansa ba ya aiko wa sanda ƙarfi, sai da manhajar waje.

Ƙanena, ɗaure sandar da tebur sosai, in gindinta na zamewa duk saitin banza ne. Ka sa ta a sitabilaiza. In ka ji jikinta ya ɗau zafi, cire wuta ta huta. Ɗauko mini hoton shafin layukan nan biyu da na FF Tune ka turo nan cikin guruf in gani da idona, ka kuma gaya mini maganar feda. In kuma ka shigo Bauchi ranar Asabar, taho da ita mu zauna mu saita tare, bayan la'asar ina gida.