Amsa kan MSC, Celebrity da Viking: yadda nake lissafin kuɗin tafiya a jirgin ruwan shaƙatawa

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka cewa kai da uwargida kuna shirin tafiyar kwana bakwai a jirgin ruwan yawon shaƙatawa a Bahar Rum, kuma da ka duba kamfanoni uku ka tarar farashin MSC ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, na Celebrity yana tsakiya, na Viking kuwa ya ninka na farkon fiye da sau biyu, shi ya sa kake son sanin ko a masu tsadar kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Na yi irin wannan tafiya sau shida da kamfanoni huɗu, mafi yawanci tare da iyalina, don haka zan faɗa maka abin da na gani da idona da kuma yadda nake yin lissafi a yanzu.

A tafiyata ta farko, da wani kamfani da ba sai na ambaci sunansa ba, na zaɓi farashi mafi araha ina ganin na yi wayo. A daren ƙarshe aka turo takardar lissafi ta ƙarƙashin ƙofar ɗakinmu, sai na ga abin da muka kashe a cikin jirgin ya kusa kai rabin kuɗin tikitin da muka biya tun farko. Akwai tukwicin ma'aikata, da kuɗin intanet, da lemon kwalba da kofi na musamman, da yawon gari sau uku, da hotuna, da cin abinci sau ɗaya a ɗaya daga cikin gidajen abincin jirgin da ake biya daban. Ba wanda ya cuce ni, domin komai a rubuce yake cikin sharuɗɗan, ni ne dai ban tsaya na karanta ba. Tun daga ranar na daina kwatanta farashin da ake tallatawa, na koma kwatanta jimillar abin da zai fita daga aljihuna, in raba shi da yawan kwanakin tafiyar.

Dalilin haka yana cikin yadda kamfanonin suke tsara kasuwancinsu. A manyan kamfanoni masu ɗaukar jama'a da yawa, irin su MSC, Costa, Carnival, Royal Caribbean da Norwegian, tikiti yana biyan ɗaki, da abinci a babban ɗakin cin abinci da wurin da mutum yake zuba wa kansa, da ruwa da shayi da kofi na yau da kullum, da wasannin dare da wurin ninƙaya. Duk abin da ya wuce wannan ana rubuta shi a kan katin da aka ba ka, wanda shi ne makullin ɗakinka kuma shi ne jakar kuɗinka, kuma tunda ba ka ganin kuɗi suna fita daga hannunka, kashewa ba ta yi maka ciwo sai ranar biya. Farashin da ka gani kuma na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗakin, sannan ka tabbatar ko harajin tashoshin ruwa yana ciki, domin hakan ya danganta da ƙasar da aka sayar da tikitin.

Tukwici shi ne abu na farko da nake ƙarawa, saboda a mafi yawan kamfanoni ba abu ne da kake bayarwa don ganin dama ba, ana ɗora shi ne a kan lissafinka kowace rana. A kamfanonin Amurka yakan kama daga kimanin dala 16 zuwa 20 a kan kowane mutum a kowace rana. In muka ɗauki dala 18, mutum biyu a kwana bakwai sun biya dala 252 tun kafin su sayi ko da kwalbar lemo ɗaya. MSC a tafiye-tafiyensa na Turai yana karɓar ƙasa da haka, kamfanin P&O Cruises na Birtaniya kuwa ya daina karɓa tun 2019. Ban da wannan, a yawancin kamfanoni abin shan da ka saya ana ƙara masa kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a matsayin ladan hidima. Za a yi ta tallata maka ƙunshin abin sha na biyan kuɗi sau ɗaya ka sha iya sha, amma a yawancin kamfanoni ƙa'idar ƙunshin mai giya ita ce idan babba ɗaya a ɗaki ya saya, dole ɗayan ma ya saya, kuma na duk kwanakin tafiyar ne, har da ranakun da za ku wuni a cikin gari.

Yanzu ga kamfanonin uku da ka ambata. MSC kamfani ne na iyalin Aponte na Italiya, hedkwatarsa tana Geneva, kuma Bahar Rum gidansa ne. Jiragensa da yawa suna zagaye tashoshi iri ɗaya mako bayan mako, irin su Basalona, Marseille, Genoa, Civitavecchia da Palermo, kuma fasinjoji suna shiga suna sauka a tashoshi daban-daban, abin da yake ba ka damar farawa daga garin da jirgin sama ya fi maka sauƙin zuwa. Abin da za ka haƙura da shi shi ne cunkoso, musamman a watannin Yuli da Agusta lokacin hutun makarantun Turai, da sanarwa da ake maimaitawa a harsuna da dama, da layi a wurin karin kumallo. Celebrity jiragensa manya ne su ma, amma yara ba su da yawa, hayaniya ta ragu, abincin babban ɗakin cin abinci kuma a gwajina ya fi kyau sosai, har ban ji buƙatar zuwa gidajen abinci na biya daban ba. Yana sayar da tikiti iri biyu, zalla da kuma wanda aka haɗa da abin sha da intanet, don haka ka duba wanne ne aka nuna maka.

Viking wani tsari ne daban. Yawancin jiragensa na teku suna ɗaukar fasinjoji 930, kowane ɗaki yana da baranda, ba a ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba, babu gidan caca, kuma tikitin ya haɗa da intanet, da gidajen abinci na musamman, da yawon gari guda ɗaya a kowace tasha, da lemo da giya a lokacin abincin rana da na dare. Idan ka ɗauki waɗannan ka yi musu kuɗi a farashin da ake sayar da su a jiragen araha, za ka ga tazarar ta ragu ƙwarai, ko da yake ba ta rufewa gaba ɗaya. Sai dai akwai abin da masu tallar "komai yana ciki" ba sa faɗa, wato abin da aka haɗa maka yana da daraja ne kawai idan da ma za ka yi amfani da shi. Ni ba na shan giya, saboda haka duk kamfanin da ya sa giya cikin tikiti, kamar Regent Seven Seas wanda ya haɗa abin sha da tukwici da yawon gari duka, to wani ɓangare na kuɗina yana biya wa maƙwabcina ne abin da yake sha. Haka kuma idan kai mutum ne mai son yawo da ƙafarka ba tare da ɗan jagora da motar bas ba, yawon da aka ba ka kyauta ka biya shi kuma ba ka more shi ba. Yawon da Viking yake haɗawa yawanci gajere ne, zagayen sanin gari na 'yan sa'o'i, waɗanda suka fi shi armashi kuwa ana biyansu daban.

Bari in ɗan ratse, domin wannan yana taimakawa wajen fahimtar farashi. Sunayen suna da yawa amma masu su kaɗan ne. Carnival Corporation ne yake da Carnival, Princess, Holland America, Cunard, Costa, AIDA, P&O Cruises da Seabourn. Royal Caribbean Group ne yake da Celebrity da Silversea, Norwegian Cruise Line Holdings kuma yake da Oceania da Regent. Kowane rukuni ya jera kamfanoninsa hawa-hawa don ya kama mai ƙaramin ƙarfi da mai babban ƙarfi, shi ya sa kamfanonin da suke hawa ɗaya farashinsu yakan yi kusa da juna idan an kammala lissafi, kuma bambancin da ke tsakanin tsohon jirgi da sabo a kamfani ɗaya wani lokaci ya fi bambancin da ke tsakanin kamfanoni biyu. Sabon jirgi irin Icon of the Seas na Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a 2024 kuma yake iya ɗaukar fasinjoji har 7,600 idan ya cika, ana sayar da shi da tsada saboda shi kansa jirgin ne abin kallo, alhali tsofaffin jiragen Royal Caribbean ɗin nan suna da sauƙi sosai.

Inda na fi so ka tsaya ka duba shi ne hanyar tafiyar, domin a Bahar Rum kusan kullum jirgi yana tasha, kuma za ku fita da safe ku dawo da yamma a gajiye. A irin wannan tafiya jirgi ya zama masauki mai tafiya da kai cikin dare, kuma biyan kuɗi mai yawa don kayan wasa da shaƙatawar da ba za ka samu lokacinsu ba asara ce. Ka kwatanta sa'o'in da kowane jirgi zai yi a kowace tasha, domin wanda ya isa da ƙarfe bakwai na safe ya tashi da takwas na dare ya ba ka yini guda, wanda ya isa da hantsi ya tashi da la'asar kuwa ya ba ka rabi, ko da sunan garin ɗaya ne a takardar talla. Ka kuma duba ainihin tashar. Idan an rubuta Roma, jirgin yana tsayawa ne a Civitavecchia, mai nisan kimanin kilomita 80, tafiyar fiye da sa'a ɗaya a jirgin ƙasa. Idan an rubuta Florence, yawanci Livorno ake nufi ko La Spezia. Venice kuwa, tun watan Agustan 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jirage bi ta tsakiyar birnin, don haka wasu suna tsayawa a Marghera da ke kusa, wasu kuma a Ravenna ko Trieste, inda za ka yi tafiyar kimanin sa'o'i biyu kafin ka ga garin da ka biya kuɗi dominsa. Yawon da jirgi yake shiryawa ya fi wanda za ka shirya da kanka tsada, amma yana da fa'ida guda mai muhimmanci: idan motarsu ta makara jirgi yana jira, idan kai ka makara a naka yawon zai tafi ya bar ka, kuma kuɗin cim masa a tasha ta gaba a wuyanka yake. Ni ina biyan na jirgi a tashoshi masu nisa da gari, in yi yawona da kaina a wurare irin Basalona da Valletta inda gari yake kusa.

Batun ɗaki ba shi da tsawo, amma nan ne kwatancen mutane da yawa yake karkacewa. Farashi mafi ƙasa da ake tallatawa na ɗakin ciki ne marar taga, tunda kuma Viking ba shi da irin wannan ɗaki, adalci shi ne ka kwatanta shi da ɗaki mai baranda a MSC da Celebrity. Mun taɓa kwana a ɗakin ciki, barci ya yi daɗi saboda duhu, amma uwargidana tana fama da jiri idan teku ya motsa, kuma tun daga lokacin muke neman ɗaki mai baranda a tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa, inda girgiza ta fi sauƙi.

Akwai kuma kuɗaɗen da ba sa canzawa ko wane kamfani ka zaɓa: tikitin jirgin sama, kwana ɗaya a otal kafin ranar tashi (kada ka yarda ka sauka a garin ranar da jirgin ruwan zai tashi), biza ga wanda fasfonsa yake buƙata, da inshorar tafiya, wadda ba na wasa da ita saboda ganin likita a cikin jirgi kuɗi ne masu yawa kuma tikiti bai ƙunshe shi ba. Idan ka haɗa waɗannan a ɓangarorin uku, tikitin da ya ninka wani sau biyu ba ya sa tafiyar gaba ɗaya ta ninka sau biyu. Game da biza, ka duba ko jirgin zai fita daga yankin Schengen (ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya) ya dawo, misali ya tsaya a Turkiyya ko Tunisiya, domin a lokacin kana buƙatar biza mai ba da damar shiga fiye da sau ɗaya. Lokacin tafiya ma yana da tasiri a farashi kamar yadda sunan kamfani yake da shi. Watannin Mayu da Oktoba sun fi tsakiyar hutun Turai sauƙin kuɗi da sauƙin zafi da cunkoso, kuma kamfanoni sukan yi rangwame tsakanin Janairu da Maris.

Da ni ne a matsayinka, tafiya ta farko, mutum biyu, hanya mai tasha kusan kullum, zan ɗauki ɗaki mai baranda a ɗaya daga cikin sababbin jiragen MSC a watan Mayu ko Oktoba, in sayi tikiti zalla ba tare da ƙunshin abin sha ba, in kashe rarar a kan yawon gari mai kyau da ƙarin kwana biyu a garin da za mu fara. Idan ka san hayaniya da layi suna ɓata muku rai, kuma jimillar Celebrity ba ta wuce ta MSC da fiye da kashi ɗaya bisa uku ba, to ni a wurina ƙarin ya cancanta. Viking zan ajiye shi ga wanda ya tabbata zai bi yawon jirgi a kowace tasha kuma natsuwa ce babban abin da yake saye, ko ga tafiya mai kwanaki da yawa a tsakiyar teku inda jirgin ne gidanka dare da rana. Idan kuma daga baya kuka yanke shawarar tafiya da yara, lissafin ya sauya baki ɗaya, domin Viking ya fita daga jerin, MSC kuwa yakan yi wa yaran da suke ɗaki ɗaya da iyayensu rangwame mai yawa. Ka turo sunayen jiragen uku da ranakun tashi da irin ɗakin da aka yi maka farashinsa, sai mu yi lissafin kowane kwana tare, in Allah ya so.