Ƙaramar hukuma tana ba da lasisin tuƙi ta waya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An turo mini saƙo a WhatsApp, wai sakatariyar ƙaramar hukumarmu ta fara ba da lasisin tuƙi ta intanet. Aka ce in tura hotona da lambar NIN da kuɗi zuwa wani asusu, kati zai fito cikin kwana uku. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka tura ko ƙwandala, 'yan damfara ne. A Najeriya ƙaramar hukuma ba ta da hurumin ba da lasisin tuƙin mota. Abin da kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ta, a jadawali na huɗu, shi ne lasisin irin su keke da kwalekwale da baro da amalanke. Akwai dai ƙasashen da mutum ke neman lasisinsa a ofishin ƙaramar hukuma, kamar Holan, amma nan ba haka tsarin yake ba.

Hukumomi uku ke aikin tare. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke riƙe da rumbun bayanai tana buga katin. Jami'an duba ababen hawa na jiha, wato VIO, su gwada tuƙinka, hukumar tara haraji ta jiha kuma ta kula da batun kuɗi.

Waya tana da nata amfani, amma da iyaka. Za ka iya cike fom a shafin lasisi na FRSC. Rubuta adireshin da hannunka, ka duba ƙarshensa ka ga .gov.ng, kada ka latsa wanda aka turo maka. Sunanka kuma ka rubuta shi daidai yadda yake a NIN, domin harafi ɗaya kan sa mutum ya yi ta zarya. Idan karon farko ne, sai ka cika shekara 18, kana da shaidar makarantar koyon tuƙi da hukumar ta amince da ita.

Daga nan dole ka je cibiyar lasisi da ƙafarka, a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Wannan kam ba mai yi maka shi ta waya. An saba ba da lasisin wucin gadi na kwana 60 kafin katin shekara 3 ko 5 ya fito.

Ni abin da ya fi damuna ma lambar NIN ɗin ce, don da ita da hotonka ana iya yin ɓarna da sunanka. Katin da 'yan damfarar za su ba ka kuwa, in ma sun bayar, ranar da jami'i ya duba lambarsa a na'ura ba zai same ta ba, kuma kai za a kama da takardar bogi.