Me ya sa gudan jinin bai narke da kansa ba?

Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce in jiki na narkar da gudan jini, me ya sa nashi ya toshe jijiyar zuciya?

Ai akwai wata siririyar fata da ta shimfiɗe cikin jijiya, ita ke sakin sinadarin tPA mai tada wani sinadari na cikin jini da ake kira plasmin ya tsinka zaren gudan, to taba sigari da ciwon suga da tansiyo suna cinye fatar nan a hankali, ranar da kitsen da ya taru a bangon jijiya ya fashe sai gudan ya fi ƙarfinta. Allura irin streptokinase ke narkar da shi, amma cikin awa 12 da toshewar jijiyar, awannin farko sun fi. Mu nan Maradi sai an gama jiƙe-jiƙe ake tafiya asibiti, wallahi abin na ba ni haushi. Aspirin kuma hana gudan girma take, ba narkarwa ba.